Abin da Kowa Ya Bayar

Lahadi, 14 ga Oktoba, 2018

Na iso ƙauye da digirina na biyu a jaka. Ranar biyar ga Nuwamba zan kama aiki a wani ofishin fassara a Gdańsk, sashen yarjejeniyoyin kasuwanci tsakanin Ingilishi da Polanci. Shugabar wurin, Pani Sobczak (Pani shi ne "Malama" a Polanci), ta ce teburina na kusa da taga, kuma daga tagar ana hango tashar jiragen ruwa. Mutumin da ya shafe shekara biyu yana nazarin kalmomin sasantawa a harsuna biyu ya cancanci taga.

Na tarar da gida cikin rikici, kuma ba zan yaudari kaina ba, na ji daɗi. Tsarin da Mama da ƙanwarta Inna Danuta suka daɗe a kansa na neman rushewa. Aiki ɗaya suke rabawa a Jamus, jinyar wata tsohuwa, Frau Lindner: wannan ta yi wata biyu a can, waccan tana gida da mahaifiyarsu, Kaka Leokadia, sannan su yi musanya. Tun jana'izar mahaifinsu ba sa jituwa, saboda haka tsarin ya yi musu daidai, ba sa haɗuwa sai lokacin miƙa makulli a kicin ɗin Frau. Yanzu Kinga, 'yar Inna da ke zaune a Cork ta ƙasar Ireland, za ta haihu a Nuwamba, Inna kuma ta ce zangonta na gida a Ireland za ta yi shi. Mama ta ce idan ta ƙi komawa nata zangon, 'ya'yan Frau za su ɗauko wasu, su biyun su rasa aikin. Kaka kuwa tun da ta karye a ƙugu ba ta iya ɗauko kwal daga rumfa, balle hura murhu.

Na sanar da su cewa zan shiga tsakani a matsayin ƙwararre. Kaka ta ce, "Malam mai digiri, fara shiga tsakanin takalminka da dardumata."

Talata, 16 ga Oktoba

Babi na uku na kundina ya riga ya bayyana cutar gidan nan. Baturen Ingila idan ya haɗu da abokin jayayyarsa a tsakiya, alfahari yake yi, kalmar sasantawa tana fita daga bakinsa fes kamar sabuwar riga. Mu masu Polanci kuwa da wuya mu ce tamu kalmar, kompromis, ba tare da mun yatsine fuska ba, kamar wanda ya ciji ruɓaɓɓen tuffa. Muna da kalmar sulhun kotu, muna da ta fahimtar juna, muna da ta janyewa, amma duk wadda ta ƙunshi rangwame, kunnenmu durƙuso yake ji a cikinta. Al'umma ce da aka yi wa tarbiyya a kan kada ta lanƙwasa. Ni zan fara gyaran daga wannan kicin.

Na karanta wa Kaka sakin layi biyu. Ta yi barci a na farko.

Lahadi, 21 ga Oktoba

An yi zaman sulhu bayan dawowa daga coci. Na jingine waya a jikin gwangwanin sukari, fuskar Inna Danuta ta cika allon daga Jamus, Mama ta zauna tana fere dankali don kada ta kalle ta.

Na yi gabatarwa mai ƙayatarwa. Na shimfiɗa ƙa'ida guda: ba a samun daidaito sai kowane ɓangare ya sallama wani abu da yake ƙauna. Na maimaita, da yake ƙauna, ba abin da dama yake son yarwa ba.

Daga nan abin da nake iya tunawa guntu-guntu ne.

Inna: "Jikata ta fari ce, Jadwiga. Ke ba ki da jika, ba za ki gane ba."

Mama: "Ina zan samu jika, ɗana littafi ya aura."

Na tsawata cikin ladabi, na dawo da su kan ƙa'ida. Inna ta ce to, ta rage, wata ɗaya za ta yi a Cork maimakon biyu, farkon Disamba tana gida. Na tafa. Na juya ga Mama na ce saura ke. Mama ta ajiye wuƙa, ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa kaza ranar Asabar.

"Ni na ba da Remek," in ji ta, tana nuna ni da haɓa. "Wata ɗaya. Shi ne abin da na fi ƙauna."

Inna ta ce, "To ni ma na ƙara da motata, ya riƙa kai kakarsa asibiti."

Karo na farko cikin shekaru suka yi dariya tare. Na nemi in yi bayanin cewa mai shiga tsakani ba ya cikin kayan ciniki, amma batirin wayar ya mutu, Mama kuma ta ɗora tukunya.

Litinin, 22 ga Oktoba

Na buga wa Pani Sobczak. Na yi amfani da kalmar "uzurin iyali mai wucewa". Ta ja numfashi ta ce Litinin, goma ga Disamba, babu ƙari, akwai wata yarinya daga Toruń da ta zo ta biyu a jarrabawa, tana jiran teburin.

A fannin ilimi, zaman jiya nasara ce. Dole in rubuta wannan.

Alhamis, 1 ga Nuwamba

Idin Dukan Tsarkaka. Mun kai Kaka maƙabarta a keken guragu, ta sa na kankare gansakukar kabarin mijinta, Kakana, da burushi, tana nuna mini inda na tsallake da sandarta. Kyandirori ko'ina, ƙamshin kakin har cikin maƙogwaro. A jikin dutsen an riga an sassaƙa sunanta da shekarar haihuwarta, an bar fili a gaba. Ta ce mai sassaƙar ya karkatar da harafin farko, har yau ba ta yafe masa ba.

Da muka dawo ta kira ni ɗakinta, ta sa na jawo wani ƙunshi daga ƙasan kabad, naɗe da takarda mai ruwan ƙasa, yana warin maganin asu. Baƙar riga, ɗankwali, safa, carbinta na aure, da takalmin da bai taɓa taka ƙasa ba.

"Idan na tafi a zangonka, ga kayana. Kada ka bar Danuta ta shafa mini jan baki."

Na ce wannan tunani ne na ƙarni na goma sha tara. Ta ce in mayar da shi yadda na same shi, takalmi a ƙasa.

Litinin, 5 ga Nuwamba

Mama ta tafi Asabar. Inna ta iso jiya a motar da ta kai Mama, ta kwana ɗaya, ta sumbaci Kaka, ta ajiye mini makullin mota a kan firji, ta wuce filin jirgi da akwati cike da rigunan jarirai.

Yau ya kamata in zauna kusa da taga. Na zauna kusa da bokitin toka.

Laraba, 7 ga Nuwamba

Murhun ɗakin Kaka, wannan dogon gini mai koren tayil, maƙiyina ne na ƙashin kansa. Kwalin ashana guda na ƙarar. Hayaƙi ya cika ɗaki har na buɗe tagogi, Kaka na ƙarƙashin bargo uku tana tari tana cewa ko a lokacin yaƙi ba a yi mata haka ba.

Pani Genowefa maƙwabciya ta hango hayaƙin ta shigo ba sallama. Ta ce, "Au, ashe ba gobara ba ce, ilimi ne."

Asabar, 10 ga Nuwamba

Toka, kwal, shayi, magani, dankali, toka.

Talata, 13 ga Nuwamba

Batun wanka. Kaka ta ce namiji bai taɓa ganin bayanta ba in ban da Kakana, shi ma sai an kashe fitila. Na kawo hujjoji na kiwon lafiya. Ta ce in kai su Gdańsk. A ƙarshe: Pani Genowefa za ta riƙa zuwa Laraba da Asabar ta yi mata, ni in dafa ruwa, in ɗauko, in tsaya a bayan ƙofa, sannan in faskara wa Pani Genowefa itace a madadin wahalarta. Ƙafafu kuwa nawa ne, daga gwiwa zuwa ƙasa, kowace yamma.

Na lura cewa a duk yarjejeniyar da aka ƙulla a gidan nan, ni ne kayan biya.

Ƙafafunta ba su da nauyi ko kaɗan. Ban san haka ba.

Juma'a, 16 ga Nuwamba

A kanti mai shagon ya tambaye ni ko in auna wa "mai jinya" rabin kilo na tsiran nama. Mutum uku suka yi dariya. Na amsa masa da jimla mai sassa huɗu wadda na tabbata bai fahimta ba.

Motar safa ta ƙarshe tana wucewa ta gaban gida kafin duhu. Na kama kaina ina tsaye a taga ina kallonta kullum, kamar karen Pani Genowefa.

Litinin, 19 ga Nuwamba

Kinga ta haihu, mace, ta hanyar tiyata. Kaka ta sa na riƙe mata wayar a gaban hancinta har hannuna ya gaji. Ta ce kunnuwan Kakana ne, Allah ya taimaki yarinya.

Alhamis, 22 ga Nuwamba

Ba ta son farar ƙwayar hawan jini, ta ce tana sa ta jin kamar jiƙaƙƙen tsumma. Cinikin yau: za ta haɗiye idan na bar ta ta sa gishiri a miyar kabeji da hannunta. Na yarda da tsunkule ɗaya. Tsunkulenta ya kai cokali.

Na soma karanta mata jarida da rana, sanarwar rasuwa kawai take so. Ta san kowa, kuma tana da magana a kan kowa. Na yi dariya sau biyu, bisa kuskure.

Saura kaɗan. Na duba jiragen ƙasa zuwa Gdańsk.

Laraba, 28 ga Nuwamba

Inna Danuta ta bugo. Ɗinkin Kinga ya yi ruwa, zazzaɓi ya mayar da ita asibiti, mijin yana aikin dare, jaririya ba mai riƙo. Ba za ta iya dawowa ba sai bayan Kirsimeti.

Na ce, "Inna, akwai yarjejeniya."

Ta ce, "Remek, ɗana, zo ka karanta wa zazzaɓin yarjejeniyar."

Tana kuka. Ba zan iya ma in yi fushi da ita yadda ya kamata ba, wannan ya fi komai ba ni haushi.

Alhamis, 29 ga Nuwamba

Mama ta amsa waya da raɗa daga ɗakin ajiyar Frau. Ba za ta iya motsi ba sai farkon Janairu, babu mai karɓarta.

"Ni na riga na ba da nawa," in ji ta.

"Naki ni ne, Mama!"

"To ka ga ban yi rowa ba."

Sai ta ce da wata murya daban, ita ma tana wanke uwar wasu tana tunanin tata. Aka kira ta da Jamusanci, ta kashe.

Bango huɗu, murhu ɗaya, tsohuwa ɗaya, da yarinyar Toruń da ban taɓa gani ba amma na tsani gashinta.

Asabar, 1 ga Disamba

Na samo mafita, kuma mafita ce ta masu wayewa. A garin da ke kusa akwai gidan kula da tsofaffi da ke karɓar mutum na ɗan lokaci. Na je na gani da idona: tsaf, ɗumi daga bututu ba toka ba hayaƙi, ma'aikatan jinya masu fara'a, har da ɗakin addu'a. Suna da gado daga Juma'a mai zuwa har Mama ta dawo. Wata ɗaya kacal. Kowa ya rage wani abu, ba wanda ya rasa komai dungurungum. Wannan shi ne abin da na rubuta shafi ɗari a kansa.

Na shirya hujjoji bakwai domin Kaka, na jera su daga mai taushi zuwa mai ƙarfi. Na zauna a bakin gadonta, na fara ta farko.

Ta ce, "To."

Na ce ban gama ba. Ta ce, "Na ji, Malam. To." Ta juya ga bango, ta ce in rage mata fitila.

Hujjoji shida sun rage mini a hannu, ban san inda zan ajiye su ba.

Litinin, 3 ga Disamba

Mama ta yi kuka amma ba ta hana ba. Inna ta ce, "Kai ne masani." Pani Genowefa ta zo da kanta ta ce a ƙauyen nan mutum biyu aka taɓa kaiwa can, ta faɗi sunayensu, ta tsaya tana jira in tambaye ta yadda suka ƙare. Ban tambaya ba. Na ce mata ƙididdiga ba ta aiki da mutum biyu. Ta ce in ajiye gatarin, ta samu mai faskare.

Kaka ta haɗiye farar ƙwaya yau ba ciniki. Ba ta nemi gishiri ba.

Talata, 4 ga Disamba

Na karanta mata sanarwar rasuwa. Ba ta ce komai a kan kowa ba.

Alhamis, 6 ga Disamba

Ranar Waliyyi Mikołaj, ranar da ake ɓoye wa yara kyauta cikin dare. Na farka na ji abu a ƙarƙashin matashina, kamar lokacin da nake ɗan firamare: safar ulu, toka-toka, saƙar hannu. Yadda ta tako da ƙarfen tafiyarta har ɗakina ban ji ba, ban sani ba. Ta ce iskar bakin teku tana shiga ta ƙafa.

Da hantsi ta ce ita za ta haɗa jakarta da kanta, ni in je in yi harkata. Na dawo in zuge mata, jakar ta ƙi rufuwa. Na ɗaga rigunan barci in gyara, sai ga takardar nan mai ruwan ƙasa. Warin maganin asu. Takalmi a ƙasa.

Na ce, "Kaka, wata ɗaya ne fa."

"Na sani."

"To wannan na mene ne?"

"In an kai mutum wuri, ya tafi da kayansa, kada ya wahalar da 'yan aiki. Jadwiga na Jamus, Danuta na Ireland, kai kana bakin teku. Wa zai buɗe kabad?"

Na soma bayani a kan bambancin zama na wucin gadi da na dindindin. Na ji muryata tana fita, jimloli masu kyau, kowace da kanta da wutsiyarta. Ta bari na kai aya.

"Danuta ta ba da nata, uwarka ta ba da nata. Ni ban ba da komai ba tukuna. Ba haka dokarka ta ce ba, abin da mutum yake ƙauna?" Ta shafa tayil ɗin murhu da bayan hannunta, kamar mai duba zazzaɓin yaro. "Danna da gwiwa, za ta rufu."

Na danna. Ta rufu.

Juma'a, 7 ga Disamba

Motar Inna ta ƙi tashi da safe. Sanyi ne, tabbas. Ban gwada sau biyu ba.

Litinin, 10 ga Disamba

Domin tarihi, kuma domin kada wani ya yi wa lamarin mummunar fassara: ban janye ba, sake tsara matsayi na yi.

Na yi magana da Pani Sobczak ranar Juma'a. Teburin ya tafi ga yarinyar Toruń, da tagarsa da jiragensa. Ni za a riƙa turo mini aiki gida, duba fassarar littattafan bayanin injin wanki da na'urar gasa burodi. Ta ce idan bazara ta yi za a gani, da irin muryar da ake cewa za a gani. Na gode mata da kalmomin da suka fi ƙarfin abin da ta ba ni.

Gidan tsofaffin sun karɓi uzurina cikin mutunci, akwai mai jiran gadon. Mama ta tambaya me ya faru, na ce matsalar batir. Ta ce, "Batirin wa?" Na ce layin ba ya da kyau.

Na mayar da ƙunshin ƙasan kabad. Kaka tana kallona daga gado, ba ta ce na gode ba, ba ta ce don me ba. Ta ce na sa takalmin a sama, in sake. Da rana ta ƙi farar ƙwaya, muka yi ciniki mai zafi, ta tashi da gishiri da kuma rabin kokwamba mai tsami. A sanarwar rasuwa ta yau akwai wani tsohon mai kai wasiƙu, ta ce ya taɓa neman aurenta, kunnuwansa sun fi na Kakana muni.

Na buɗe kundina in nemo sunan abin da na yi, cikin kalmomin Ingilishi da na Polanci da na jera a babi na uku. Na rufe. Akwai shafi ashirin na injin wanki da ake jira kafin Laraba.

Ina sanye da safar. Ta ce asarar ulu ce, an saƙa don teku an ƙare a rumfar kwal.

Murhu ya kama da ashana ɗaya. Ban gaya mata ba. Ta ji ƙarar wutar daga gado, ta ce, "Remek, ɗora ruwan shayi."